Tono da Binnewa a Halin Ɓerayen Ɗakin Gwaji: Mene ne Ake Aunawa?



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ajiye hatsi a rumbu ko a ɗaka ya san ɓera, ya kuma san aikinsa. Inda duk ya sami ƙasa mai laushi sai ya tone ta, ya turo ta waje, ya yi wa kansa mafaka. A wurin manomi da uwargida wannan tono ɓarna ce tsantsa. Amma a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da na kamfanonin magunguna, tonon nan ya zama ma'auni wanda ake ɗora manyan hukunce-hukunce a kansa. Da shi akan ce wannan magani yana kwantar da hankali, wancan ba ya yi. Da shi akan ce wannan ɓera yana fama da ciwo, wancan kuwa lafiya lau yake.

To, tun da ma'auni ne, wajibi ne a tambaya mene ne yake aunawa. Amsar wannan tambaya ta ɗauki masana shekaru fiye da 30 suna kai-kawo, kuma a cikin wannan kai-kawo akwai darasi ga ɗalibin da zai rubuta kundin bincike, da ma'aikacin da za a kawo wa rahoton bincike ya sa hannu. Darasin shi ne, ƙidaya tana faɗin abin da dabba ta aikata, amma ba ta faɗin dalilin da ya sa ta aikata. Dalilin nan sai an sake wani bincike kafin a san shi. Wanda ya yi gaggawar raɗa wa ƙidaya suna, ya kira ta tsoro ko waswasi, lalle yana iya ɓatar da kansa ya ɓatar da waɗanda suka dogara da shi.

Ɓeran ɗakin gwaji da asalinsa

Kafin a shiga maganar gwaji, ya kamata a san wanda ake gwadawa. Hausa takan kira dabbobi da dama da sunan ɓera, amma masu bincike sun fi aiki da iri 2: ƙaramin ɓera irin na gida, wanda nauyinsa yake tsakanin giram 20 zuwa 35, da kuma babban ɓera, wanda ya ninka ƙaramin kamar sau 10. Galibin maganar nan a kan ƙaramin take, in kuwa an zo kan babban za a ambace shi.

Ɓeran ɗakin gwaji jikan ɓeran gida ne. A farkon ƙarni na 20 masana ilmin gado a Amurka suka fara haɗa ɗan'uwa da 'yar'uwa, zuriya bayan zuriya, har aka sami ɓerayen da kusan babu bambanci tsakanin ɗaya da ɗaya a wajen ƙwayoyin gado. Clarence Little ya fara zuriyar da ake kira DBA a 1909, sa'an nan a 1921 ya fara wadda ta haifar da C57BL/6, baƙin ɓeran da ya fi kowane yawa a ɗakunan gwaji na duniya. A 1929 ya kafa cibiyar Jackson a jihar Maine, wadda har yanzu take rarraba irin waɗannan ɓeraye. Watau ɓeran da ke cikin keji a yau, kakanninsa sun yi shekara 100 ba su taka ƙasa ba. Duk da haka, in aka zuba masa dusar katako mai zurfi aka sake shi, ba da jimawa ba zai sa hanci da ƙafafun gaba ya fara tono, yana watso dusar ta tsakanin ƙafafunsa na baya.

Yadda ake gwajin ƙwallayen gilashi

Gwajin da ya fi shahara sauƙi gare shi ƙwarai, kuma sauƙin nan shi ne sanadin yaɗuwarsa. Akan sami keji mai tsabta, a zuba dusar katako mai zurfin santimita 5, a ɗan daddanna ta ta yi bai ɗaya. Sa'an nan a jera 'yan ƙwallayen gilashi, irin waɗanda yara ke wasa da su, a bisa dusar. Galibi guda 20 ne, layi 5 kowane layi da guda 4. Sai a saka ɓera ɗaya a rufe kejin, a bar shi minti 30. In lokaci ya cika a ɗauke shi a hankali, a ƙidaya ƙwallayen da dusa ta rufe aƙalla kashi 2 cikin 3 na jikinsu. Wannan lamba ita ce sakamakon gwajin.

Akwai kuma gwajin tono zalla, wanda ba a sa ƙwallo ko ɗaya. Nan ma dusa ce mai zurfin santimita 5, amma mai bincike yana zaune da agogo a hannu na tsawon minti 3, yana rubuta abubuwa 3: tsawon lokacin da ɓeran ya ɗauka kafin ya fara tono, sau nawa ya yi tono, da jimillar daƙiƙun da ya ɓata yana yi. Robert Deacon na Jami'ar Oksfod ya tsara ƙa'idojin waɗannan gwaje-gwaje biyu dalla-dalla a 2006, kuma a kan tsarinsa ne masu bincike da yawa suke tafiya.

Ba a bukatar na'ura mai tsada, ba a bukatar horar da dabba, ba a kuwa cutar da ita. Abin da ya rage shi ne fassara, kuma a nan ne aka sha wahala.

Yadda binnewa ta zama alamar tsoro

Asalin fassarar daga babban ɓera ta fito. A 1978 John Pinel da Dallas Treit, a wata jami'a da ke birnin Vancouver na ƙasar Kanada, suka kafa ɗan sanda a jikin bangon akwati, suka naɗe shi da waya mai lantarki. Babban ɓera ya zo yana shinshina, lantarki ya ja shi sau ɗaya tak. Abin da aka saba tsammani daga dabbar da ta firgita shi ne ta gudu, ko ta ƙame wuri ɗaya, ko ta yi faɗa. Sai ga ɓeran ya fuskanci sandan yana turo dusa da hanci da ƙafafun gaba har ya turbuɗe shi. Da aka kafa sanda 2, ɗaya mai lantarki ɗaya marar lantarki, sai ya fi tara dusa a kan wanda ya cuce shi. Suka kira wannan hali binnewa ta kariyar kai. A daji ma an ga makamancinsa, domin kuregen ƙasa na jihar Kalifoniya yakan watsa wa maciji rairayi idan suka yi arangama.

A 1981 Treit da Pinel da Fibiger suka nuna cewa in aka ba babban ɓera diyazefam, maganin kwantar da hankali wanda jama'a suka fi sani da Valium, binnewar sandan nan takan ragu. Nan fa masu neman sababbin magunguna suka ga hanya ta buɗe. A 1986 Broekkamp da abokan aikinsa suka kawo gwajin ƙwallayen gilashi a kan ƙaramin ɓera, suka nuna magungunan kwantar da hankali suna rage yawan ƙwallayen da ake binnewa. Hujjar da ta bazu daga nan ita ce: ƙwallon gilashi baƙon abu ne mai ƙyalli, ɓera yana tsoron baƙon abu, saboda haka yake binne shi kamar yadda babban ɓera ya binne sandan lantarki, duk maganin da ya rage binnewa, ya rage tsoro ke nan.

Magana ce mai daɗin ji, kuma kowane sashe nata yana kama da gaskiya. Sai dai akwai wani gurbi a tsakiyarta. Sandan lantarki ya cuci babban ɓera, an kuwa ga lokacin da ya cuce shi. Ƙwallon gilashi bai cuci kowa ba. Cewa ɓera yana tsoronsa zato ne aka yi, ba a gwada ba.

Yadda shakka ta shigo

Hausawa na cewa, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Tambayar da ta taso kusan ita ce wannan: shin a jikin ƙwallon akwai abin da yake jawo binnewa, ko kuwa halin ɓeran ne kawai?

Tun a 1981 Poling da abokan aikinsa suka lura cewa babban ɓera yakan binne abubuwan da ba su taɓa cutar da shi ba. Sa'an nan a 1991 Njung'e da Handley na Jami'ar Aston da ke Ingila suka yi wa ƙaramin ɓera tambayoyi guda biyu masu kaifi. Ta farko: in tsoron baƙon abu ne, to in baƙunci ya ƙare tilas tsoro ya ƙare. Suka maimaita gwajin, suka kuma bar ɓeraye suna kwana suna tashi tare da ƙwallayen na 'yan kwanaki, amma binnewa ba ta ragu ba. Ta biyu: in tsoro ne, to in aka ba ɓera wurin gudu tilas ya guje. Suka raba akwati gida 2, ɓangare ɗaya da ƙwallaye ɗaya babu, amma ɓerayen ba su ƙaurace wa ɓangaren ƙwallayen ba. Abin da ba a guje masa, ba a kuma saba da shi a daina, da wuya a kira shi abin tsoro.

A 1995 István Gyertyán, a birnin Budapest na ƙasar Hangari, ya ƙara wani mataki. Ya auna tonon da ɓeraye suke yi da ƙwallaye a keji da kuma babu su, ya ga tonon yana nan ko da babu ƙwallo. Hukuncin da ya yanke shi ne, ƙwallayen ba su ne suke sa ɓera binnewa ba. Ɓera tono yake yi, dusa tana tashi tana sauka, ƙwallaye masu nauyi suna nutsewa. Amfanin ƙwallon ke nan ya zama shaida, kamar sawun da ake gani a rairayi da safe a san wani abu ya wuce da dare.

A 2009 Thomas da Paylor da abokan aikinsu, a kwalejin likitanci ta Baylor da ke Houston a Amurka, suka gwada zuriyar ɓeraye 10. Suka tarar yawan binnewa ya bambanta ƙwarai daga zuriya zuwa zuriya, amma bai tafi tare da sakamakon sauran gwaje-gwajen fargaba ba, irin su sakin ɓera a fili a ga ko zai shiga tsakiya, ko ba shi zaɓi tsakanin ɗaki mai haske da mai duhu. Zuriyar da ta fi rakuɓewa a bango ba lalle ita ce ta fi binne ƙwallaye ba. Abin da binnewa ta tafi tare da shi shi ne yawan tono.

Da fassarar tsoro ta yi rauni, sai wata ta maye gurbinta. An lura magungunan ciwon damuwa irin su fuluwoksetin suna rage binnewa, waɗannan magunguna kuwa su ne ake ba masu ciwon waswasi, watau ciwon da yake sa mutum ya yi ta maimaita abu ɗaya, ya wanke hannu ya sake wankewa, ya kulle ƙofa ya komo ya duba har sau goma. Sai aka ce to binnewa waswasi ce. Wannan ma tana da cikas. A jikin ɗan Adam maganin yakan ɗauki makonni kafin ya yi aiki a kan waswasi, amma a ɓera allura ɗaya takan rage binnewa a ranar. Bugu da ƙari, magunguna masu yawa waɗanda ba sa warkar da waswasi, har da halofaridol da ake ba masu taɓin hankali, su ma suna rage ta. Sa'an nan ciwon waswasi yana samun mutane kaɗan ne a cikin jama'a, tono kuwa kusan kowane lafiyayyen ɓera yana yi. A 2019 de Brouwer da Wolmarans da Harvey da abokan aikinsu a Afirka ta Kudu suka bi diddigin rubuce-rubucen da aka yi a kan gwajin, suka nuna yadda kowane ɗakin gwaji yake yinsa a tasa hanya, suka kuma yi gargaɗi a kan ɗaukarsa shi kaɗai a matsayin hujjar fargaba ko waswasi.

Tono gado ne

In ba tsoro ba ne, ba kuma ciwo ba ne, to mene ne? Amsar tana wajen masana halayen dabbobi. Ɓera dabba ce mai rami. A rami yake tsira daga shaho da mujiya da kyanwa, a rami yake tsira daga sanyi da zafi, a ciki yake haihuwa, a ciki yake ɓoye abinci. Wanda bai iya tono ba a cikin kakanninsa bai daɗe ba balle ya bar zuriya.

Hujja mafi bayyana a kan gadon wannan hali ta fito ne daga wasu ɓerayen daji na Amurka, dangin da masana ke kira Peromyscus. Iri ɗaya, mai zama a ƙasa mai rairayi a kudu maso gabashin ƙasar, yakan haƙa doguwar hanyar shiga, ya yi ɗakin kwana, sa'an nan ya haƙa wata hanya ta baya wadda take tsayawa dab da saman ƙasa, domin in maciji ya shigo ta gaba ya fasa ta ya fice. Ɗan'uwansa kuwa gajeren rami yake yi, babu hanyar tsira. A 2013 Weber da Peterson da Hoekstra na Jami'ar Harvard suka saki ɓerayen da aka haifa a keji, waɗanda ba su taɓa ganin rami ba, a cikin manyan akwatuna cike da ƙasa. Kowane iri ya haƙa irin ramin iyayensa. Suka cika ramukan da wani kumfa mai daskarewa, suka tono siffar suka auna. Da aka haɗa irin biyu aure, 'ya'yan suka haƙa dogon rami mai hanyar tsira. Da aka bi jikoki, sai aka gano wurare 3 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da tsawon hanyar shiga, da wuri 1 mai alaƙa da hanyar tsira. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ɓeran keji ma bai rasa wannan sha'awa ba. A 2004 Sherwin da abokan aikinsa a Jami'ar Bristol suka sa ɓeraye su riƙa danna wani maɓalli kafin a buɗe musu hanyar zuwa inda za su yi tono. Ko da aka ƙara yawan dannawar da ake bukata, ɓerayen suka ci gaba da biya. Abin da dabba take wahala domin ta samu, abin so ne a wurinta.

Bututun Deacon da ma'aunin lafiya

Daga nan ne amfanin tono na haƙiƙa ya fito. In lafiyayyen ɓera tono yake yi don kansa, ba da tilas ba, to ɓeran da ya daina tono akwai abin da yake damunsa. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana. Amma ɓera dabba ce da ake farauta, kuma irin waɗannan dabbobi sukan ɓoye rauninsu. Wanda ya leƙa keji zai iya ganin ɓera yana yawo yana cin abinci, alhali ciwo ya riga ya kama shi.

Deacon ya ci karo da wannan ma'auni ne a lokacin da yake neman hanyar auna yadda ɓera yake tara abinci. Ya lura ɓerayen suna tone abincin daga mazubi suna watsarwa a ƙasa, ba don su ci ba. Daga nan ya tsara gwajin bututu. Akan yanko bututun roba irin na ruwa, mai tsawon santimita 20 da faɗin kusan santimita 7, a toshe ƙarshensa ɗaya, a ɗaga bakinsa santimita 3 daga ƙasa don kada abin da ke ciki ya zube da kansa. A zuba dunƙulen abincin ɓera giram 200 a ciki, a saka a keji da la'asar kafin a kashe fitila, tun da ɓera da dare yake harkarsa. Bayan awa 2 a ɗora bututun a sikeli, da safe a sake ɗorawa. Abin da ya ragu daga giram 200 shi ne aikin ɓeran. Lafiyayyen C57BL/6 yakan kwashe mafi yawan abin da ke ciki kafin gari ya waye, watau dabba mai giram 25 ta ture abin da ya ninka nauyinta sau da yawa. In aka zuba tsakuwa ko rairayi maimakon abinci, haka zai kwashe.

A 2001 Deacon da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan ɓerayen da aka sa wa cutar sikirafi, wata cutar ƙwaƙwalwa ta tumaki, 'yar'uwar cutar haukar shanu. Tonon ɓerayen ya faɗi makonni da dama kafin a ga wata alamar ciwo da ido. Sun kuma nuna cewa in aka lalata wani sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, tono da binnewa da ginin sheƙa duk sukan lalace. Deacon ya kwatanta waɗannan ayyuka da hidimomin yau da kullum na ɗan Adam, irin su shara da gyaran shimfiɗa, waɗanda sukan fara suɓuce wa tsohon da ciwon mantuwa ya kama.

A 2010 Jirkof da abokan aikinta a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan suka ɗauki wannan ma'auni zuwa wajen zafin ciwo. Ɓerayen da aka yi wa ƙaramar tiyata a ciki ba tare da maganin zafi ba sun daɗe ƙwarai kafin su koma tono, waɗanda aka ba maganin kuwa sun fi saurin komawa. Wannan yana da muhimmanci wajen tausaya wa dabbobin gwaji. Tun a 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idoji 3 a Ingila: a musanya dabba da wata hanya in da hali, a rage yawan dabbobin da ake amfani da su, a kuma gyara hanyar aiki don wahalarsu ta ragu. Ma'aunin da yake nuna ciwo tun da wuri yana ba mai bincike damar ya ba da magani, ko ya rufe gwaji, kafin dabba ta galabaita.

Abin lura a nan shi ne, ƙwallon gilashi da bututu kusan hali ɗaya suke aunawa. Bambancin yana ga tambayar da aka yi musu. An tambayi ƙwallon abin da ke zuciyar ɓera, ya kasa ba da amsa tabbatacciya. An tambayi bututu ko ɓera yana iya aikinsa na kullum, ya amsa daidai.

Sharuɗɗan auna tono

Ko da an daidaita fassara, aunawar kanta tana da sharuɗɗa, kuma saɓa musu yana ɓata aiki duka.

Na farko, a tabbata maganin da ake gwadawa bai sa ɓera barci ko kasala ba. Ɓeran da magani ya kwantar ba zai binne ƙwallo ba, kamar yadda ɓeran da ƙafarsa ke ciwo ba zai binne ba. Saboda haka tilas a auna yawan zirga-zirgarsa da ƙarfin gaɓoɓinsa a wani gwaji dabam.

Na biyu, a faɗi irin shimfiɗar da aka yi amfani da ita da zurfinta. Ƙwallo yakan nutse a cikin dusa mai laushi ko da ɓera ya taka ta kawai ya wuce, a cikin niƙaƙƙen totuwar masara mai nauyi kuwa sai an yi tono sosai.

Na uku, ƙidayar ƙarshe ba ta isa ba. Ɓera mai yawan tono yana iya binne ƙwallo a minti na 10 ya sake tono shi a minti na 25, sai a ƙidaya shi cikin ragwaye. Haka kuma in duk ƙwallaye 20 sun nutse, ba a iya bambanta mai ƙwazo da wanda ya fi shi ƙwazo. Maganin wannan shi ne a ɗauki hoton bidiyo, a auna tonon kansa.

Na huɗu, a faɗi zuriyar ɓeran da jinsinsa da shekarunsa. C57BL/6 gwanin tono ne, waɗansu zuriyoyin da ake kira 129 kuwa ba su cika yi ba. Wanda ya gwama su ya gwama hatsi da tsakuwa.

Na biyar, wanda yake ƙidaya kada ya san wane ɓera aka ba magani wane aka ba ruwa, kuma a raba ɓerayen rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Hukuncin ko dusa ta rufe kashi 2 cikin 3 na ƙwallo hukuncin ido ne, ido kuwa yakan ga abin da zuciya take so.

Na shida, a kula da mai riƙon dabbar da yadda yake riƙonta. A 2010 Hurst da West na Jami'ar Liverpool suka nuna ɗaukar ɓera ta wutsiya yana ƙara masa fargaba fiye da ɗaukarsa a cikin ɗan bututu ko a tafin hannu. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka nuna ƙanshin jikin namiji mai bincike yana tayar da hankalin ɓera har ya rage nuna alamar zafi. Tun kafin wannan, a 1999, Crabbe da Wahlsten da Dudek suka gwada zuriyoyi iri ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, a lokaci ɗaya, a garuruwa 3, watau Portland da Albany a Amurka da Edmonton a Kanada, amma sakamakon waɗansu gwaje-gwajen ya saɓa daga gari zuwa gari. In masu wannan taka-tsantsan sun sami saɓani, to ina ga wanda bai kula ba?

Abin da ya shafi ɗalibi da ma'aikaci

Wannan magana ba ta tsaya a Turai da Amurka ba. A sassan nazarin magunguna na jami'o'in Nijeriya ana gwada sassaƙe da saiwoyi da ganyayen maganin gargajiya a kan ɓeraye, kuma gwajin ƙwallayen gilashi yana cikin waɗanda ake amfani da su, saboda arharsa. Wannan aiki ne mai kyau, kuma ya cancanci a ƙarfafa shi. Amma ɗalibin da ya ba ɓera ruwan wata saiwa, ya ga ƙwallayen da aka binne sun ragu, abin da ya gani shi ne tono ya ragu. Mai yiwuwa saiwar tana kwantar da hankali. Mai yiwuwa barci take sa wa. Mai yiwuwa murɗar ciki take jawowa, ko guba ce take taɓa hanta. Duk waɗannan lamba ɗaya za su bayar. In ya rubuta a kundinsa cewa saiwar maganin fargaba ce, ya faɗi abin da bai gani ba, kuma maganarsa tana iya fita daga jami'a ta kai bakin mai talla a kasuwa, a sayar wa marar lafiya abin da zai ƙara masa ciwo.

Ma'aikacin da ake kawo wa rahoto, ko a ma'aikatar lafiya yake, ko a hukumar ba da kuɗin bincike, ko a ofishin rajistar magunguna, ba sai ya taɓa riƙe ɓera ba kafin ya tsare wannan ƙofa. Tambayoyi kaɗan sun ishe shi. Mene ne aka ƙidaya da ido? Wane suna aka raɗa wa ƙidayar, kuma da wace hujja? Wane abu ne dabam zai iya ba da wannan lamba, kuma an kawar da shi? Wanda ya ƙidaya ya san amsar da ake nema? Rahoton da ya amsa waɗannan ya cancanci kuɗin jama'a, wanda ya kasa kuwa a mayar da shi a gyara.

Kammalawa

An faro daga sandan lantarki a 1978, aka ɗauki binnewa alamar tsoro, aka koma aka ce waswasi ce, daga bisani aka gane ɓera tonon da ya gada yake yi, ƙwallaye kuwa suna nutsewa ne a hanyarsa. Ba a yar da gwajin ba, kuma bai kamata a yar ba, domin ma'auni ne mai arha, marar cutarwa, mai saurin nuna cewa wani abu ya taɓa jikin dabba ko ƙwaƙwalwarta. Abin da aka rage shi ne nauyin da aka ɗora masa. Mai bincike na ƙwarai zai rubuta cewa ɓera ya yi tono kaza, a kan shimfiɗa kaza, cikin minti kaza, sa'an nan ya tashi ya shirya gwaji na gaba wanda zai nuna masa dalili.